Darasi na 9: Kafa Murhu a Gida da Yi wa Hayaƙi Hanya

Wannan darasi na mata masu girki ne da masu turara shinkafa, da magidantan da ke biyan kuɗin murhu, da maƙera da magina da akan kira su kafa shi. Idan mun kammala, ana so kowane ɗalibi ya iya zaɓar wurin da zai girka murhu, ya san yadda ake kafa bututun hayaƙi, ya kuma gane mutumin da iskar gawayi ta buge da abin da zai yi masa kafin a kai ga asibiti.

Daren hunturu

Daga Disamba zuwa ƙarshen Janairu, duk wanda ya taɓa kwana a Zabarmari ya san sanyin da ke tasowa daga fadama bayan isha'i. Akan shige ɗaki da wuri, a ja ƙofa, a cusa tsumma ko kwali a taga, a saki labule. Sai uwargida ta kwaso sauran garwashin tuwon dare ta zuba a kasko ta shigo da shi, ta barbaɗa turaren wuta a kai, don a ƙasar Borno ɗaki bai cika ɗaki ba sai da ƙamshi. Yara su kewaye kaskon suna miƙa tafin hannu, ana hira har barci ya kwashe kowa. Da asuba sai wannan ya ce kansa na sara, waccan ta ce jiri take ji, a ce ai sanyi ne. Ba sanyi ba ne. Kaskon ne, kuma waɗanda suka tashi da ciwon kai kawai su gode wa Allah, domin akwai gidajen da sai da maƙwabta suka ɓalle ƙofa.

Hayaƙi iri biyu

Na farko shi ne wanda kowa ya sani, mai sa hawaye da tari, mai baƙanta bango da rufi da kunkunniya. Ɗanyen itace da kara da buntun shinkafa su suka fi yin sa. Ba ya kisa a dare ɗaya, a hankali yake cin huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 gurɓatar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum kimanin miliyan 3.2 a duniya, kuma yara 'yan ƙasa da shekara 5 a cikinsu sun haura 237,000. Ciwon huhu, wanda likitoci ke ce wa nimoniya, shi ne babban abin da ke ɗauke yaran. Mace tana fifita wuta da goyo a bayanta, abin da ta shaƙa shi ma ya shaƙa, alhali huhunsa bai yi ƙwari ba.

Na biyu ba a ganin sa, ba ya wari, ba ya sa tari. Masana kimiyya suna ce masa kabon monoksaid. A nan za mu kira shi iskar gawayi, ko da yake itace da kananzir da janareta duk suna fitar da ita. Yadda take samuwa ba shi da wuyar ganewa. Wuta sai da iska take ci. In ta sami isasshiya, makamashi yakan ƙone sarai. In iska ta yi ƙaranci, kamar a ɗakin da aka toshe ko'ina, ƙunar ba ta kammala, sai iskar gawayi ta yawaita. A cikin jinin mutum akwai sinadarin da ke ɗaukar oksijin daga huhu ya kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya, to wannan sinadari ya fi saurin riƙe iskar gawayi a kan oksijin fiye da sau 200. Mutum yana numfashi, ƙirjinsa na hawa yana sauka, amma jikinsa ba ya samun abin da yake nema. Mai barci kuwa ba ya farkawa, tun da ba abin da ya shaƙe shi balle ya yi tari. Barcin ne kawai ke ƙara nauyi.

Akwai wata magana da ta zauna wa mutane daram, cewa in gawayi ya gama hayaƙi ya yi jawur, to ya zama lafiyayye, a shiga da shi ɗaki. A cire wannan daga rai. Jan garwashi yana ci gaba da fitar da iskar gawayi har sai ya mutu murus, kuma rashin hayaƙin ne ma ke sa a saki jiki a rufe ƙofa. Ɗanyen icce ko ba komai yakan kori mutum daga ɗaki da hawaye. Garwashi ba ya korar kowa. Mu musulmi kuma wannan gargaɗi ba baƙo ba ne gare mu: ya inganta a Buhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a bar wuta a cikin gida idan za a kwanta barci.

Abin da muke ƙonawa

Itace ya yi tsada, neman sa kuma ya zama sayar da rai. Zabarmari tana ƙaramar hukumar Jere, kimanin kilomita 20 daga Maiduguri, kuma ba wanda zai gaya wa mutanenta hatsarin fita daji. A garin nan aka yi jana'izar manoma 43 da aka kashe a gonakin shinkafa na Koshebe ranar 28 ga Nuwamba, 2020, Allah Ya ji ƙansu. Masu sassabe da masu neman itace ma sun sha faɗawa hannun 'yan bindiga a dazukan da ke kewaye da Maiduguri. Wannan hatsari na neman itace ne ya sa Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ta buɗe wuraren gina murhun yumɓu mai tsimin itace a Maiduguri da Jere da Konduga, ta koya wa mata gina shi. Murhu ne mai amfani, yana rage cin itace ƙwarai. Haka ma na ƙarfen nan mai suna Save80 da ake haɗawa a Kano. Sai dai a lura, duk ba su da bututu. Sun rage hayaƙi, ba su fitar da shi ba, don haka a rumfa ko a tsakar gida ko a kicin mai wadatar iska ake amfani da su, ba a ɗakin kwana ba.

Abin da muke da shi birjik shi ne buntu. A kowane kilo 100 na shanshera, kusan kilo 20 buntu ne, ga shi nan tsibi-tsibi a bayan injinan casa. Akan ƙona shi ta hanya biyu. Wasu sukan danƙara shi a cikin gwangwani ko rabin duro, da sanda a tsaye a tsakiya da wata a kwance ta ƙasa, in ya danƙaru a zare sandunan, ramin da suka bari ya zama hanyar wuta. Tsarin da aka yi ta yi da garin katako ke nan a shekarun 1990 lokacin wahalar kananzir, har ake ce wa murhun Abacha. Wasu kuma sukan babbake buntun a duro mai murfi har ya yi baƙi, a niƙa, a kwaɓa da kokon rogo ko ƙaro, a cura, a shanya a rana sai ya bushe ƙamas. Wannan curarren gawayi yana daɗewa yana ci kuma ba ya hayaƙi sosai, amma gawayi ne, hukuncinsa hukuncin gawayi. Duron babbakar ma a fili ake girka shi, nesa da zana da tarin harawa, domin hayaƙinsa ya fi na girki kauri.

A wasu ƙasashen Turai, irin su Italiya da Ostiriya da Suwidin, sun kai wannan dabara nesa. Sukan busar da garin katako, inji ya matse shi ya fito 'yan ƙwayoyi masu kaurin milimita 6, kamar abincin kifi, danshinsu bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Murhun da ke cin su akwati ne na ƙarfe mai ƙofar gilashi. Ana zuba ƙwayoyin a ma'ajiya ta sama, wani ƙarfe mai murɗawa yana turo su wuta kaɗan-kaɗan, fanka kuma tana tura hayaƙin cikin bututu mai faɗin kimanin santimita 8. Duk wannan da lantarki yake aiki, kuma wanda ya ga watannin da Maiduguri ta yi a duhu a 2021, bayan an lalata turakun wutar da ke zuwa daga Damaturu, ya san irin wannan murhu ba namu ba ne tukuna. Abin koyi a wurinsu shi ne, duk tsabtar ƙunarsa, ba mai kafa shi ba tare da bututun da ya fita waje ba. Sukan liƙe kowace gaɓa, sukan kuma bar wani sashe na bututun a tsaye, saboda in wuta ta ɗauke fanka ta tsaya, zafi ya ci gaba da jan hayaƙin sama. Har ɗakin ajiyar ƙwayoyin sai sun yi masa mashigar iska, don an gano tarinsu na fitar da iskar gawayi ko ba a kunna wuta ba, kuma an yi asarar rayuka a rumbuna da cikin jiragen ruwa ta wannan hanya.

Inda za a girka murhu

Wuri mafi kyau shi ne kicin na daban ko rumfar kwano mai buɗaɗɗen gefe, ba manne da tagar ɗakin kwana ba. Da hunturu iska daga arewa maso gabas take kaɗowa, da damina kuma daga kudu maso yamma, saboda haka ba kusurwar da za ka ce hayaƙi ba zai taɓa juyowa ɗaki ba. Tsawon bututu ne ke raba wannan gardama, za mu zo gare shi. Waɗanda ambaliyar madatsar Alau ta watan Satumban 2024 ta rushe wa gini a Maiduguri da Jere, in an zo sake ta da kicin, lokacin gyara ke nan. Barin kafa a bango ana cikin gini ya fi fasa shi daga baya sauƙi.

Murhu ya zauna a kan abin da ba ya cin wuta: daɓen ƙasa, ko siminti, ko jan bulo. Kada a ɗora shi a kan tabarma ko ledar ɗaki ko katako. Daɓen ya zarce bakin murhu da inci 18 ta gaba, domin nan garwashi ke faɗowa. Tsakanin murhun ƙarfe da duk abin da ke kamawa, zana ce, labule ne, buhun shinkafa ne ko katifa, a bar ƙafa 3. Jarkar fetur kam ba ta da wurin zama a ɗakin da ake kunna wuta, kuma ba a hura wuta da fetur ko don itace ya jiƙe.

Sai kafar shigar iska, wadda ita ce aka fi mantawa. Bututu ba ya fitar da hayaƙi sai in wata iska tana shigowa ta maye gurbinsa. A bar kafa a ƙasan bango kusa da murhu, faɗinta kada ya gaza na bakin bututun, a sa mata raga saboda ɓera da maciji, a bar wata kuma can sama kusa da rufi. Waɗannan kafofi ba a toshe su ko sanyi ya kai ina.

Bututu

Bututu da zafi yake aiki. Iska mai zafi ba ta kai mai sanyi nauyi ba, don haka takan hau sama, tana hawa tana janyo sabuwa ta bakin murhu. Duk abin da zai sanyaya hayaƙin ko ya tare masa hanya yana rage wannan ja. Daga nan sauran ƙa'idojin suka fito.

Ga murhun girki na gida, bututu mai faɗin inci 4 zuwa 5 ya isa. Na turara shinkafa, mai ɗaukar rabin duro ko babbar tukunya, ya fi son inci 6 ko sama. Kada bututun ya fi kafar fitar hayaƙi ta murhu ƙanƙanta, kada kuma a matse shi a tsakiya. Miƙaƙƙe zuwa sama shi ne ya fi ja. In dole sai ya bi ta bango, sashen da ke kwance ya zama gajere, ya ɗan ɗaga kai zuwa waje, ba ya sunkuya ba, kuma gwiwa kada ta wuce biyu. Wurin haɗa gaɓoɓi, bakin na sama shi ke shiga cikin na ƙasa. Da yawa sukan yi akasin haka suna ganin sai hayaƙi ya fi bi, amma ruwan kwaltar da ke gangarowa sai ya zubo ta waje ya ɓata bango, wata rana ya kama da wuta. A ɗaure gaɓoɓin da ƙusa mai murɗi ko a yi musu walda, a shafe inda bututu ya haɗu da murhu da laka. Ƙarfe baƙi mai ɗan kauri ya fi ƙarko. Wanda aka yanko daga duron fenti ko na maganin feshi, a fara ƙone shi a fili sai warin ya tafi. Bututun roba na ruwa kuwa ko kusa.

Wurin da bututu ya ratsa rufi ko bango, nan gobara ta fi tashi, kuma ba ranar farko take tashi ba. Katakon da zafi ke gasawa kullum yakan bushe ya yi baƙi, har wata rana ya kama da zafin da a da bai isa kunna shi ba. A bar inci 18 tsakanin bututu da azara ko katakon rufi ko silin. Silin roba da buhu da leda da ake shimfiɗawa ƙarƙashin kwano duk a yanke su daga wannan tazara. In ta bangon ƙasa ko na bulo zai bi, a fasa kafa mai faɗi, a zura guntun bututun yumɓu ko na ƙarfe da ya fi shi girma, a cike tsakaninsu da laka kwaɓaɓɓiya da tokar buntu, domin tokar buntu ba ta saurin ɗaukar zafi. Rufin jinka ba a ratsa shi da bututu. Wanda kicin ɗinsa na ciyawa ne, gara ya fara sauya rufin da kwano, ko ya haƙura da bututu ya yi girki a fili.

Ga irin jayayyar da akan yi ranar kafawa:

"Baba maƙeri, wannan bai yi tsawo ba kuwa? A yanke shi nan ƙarƙashin kwano mana, kada ruwan sama ya riƙa shiga."

"Alhaji, in na yanke shi a nan, hayaƙin ta saman bango zai komo maka. Ruwa kuwa hula zan yi masa."

"To ai ƙarfen zai ƙaru, kuɗi kuma sun ƙare."

"Gaɓa ɗaya ce ta rage, ranka ya daɗe. In ba za a sa ta ba, gara a bar aikin sai ka samu."

Maƙerin ne da gaskiya. Ƙa'idar da magina ke bi a Amurka ita ce bakin bututu ya zarce inda ya huda rufi da ƙafa 3, ya kuma fi duk wani tudun rufi ko bango da ke cikin tazarar ƙafa 10 da shi tsawo da ƙafa 2. Dalili shi ne iska in ta bugi bango ko ƙoƙuwar rufi takan juyo ƙasa, ta danne hayaƙin da ke gajeren bututu. Hular ta zama kamar malfa, da tazara tsakaninta da baki kwatankwacin faɗin bututun. In akwai zana ko rufin ciyawa a maƙwabta, a kewaye tazarar da raga mai manyan idanu don tare tartsatsi. A ɗaure bututun da waya ta ɓangare uku, saboda guguwar farkon damina ba ta barin abin da ke tsaye shi kaɗai. Inda ya huda kwano a yi masa kwala ta langa-langa a liƙe don yoyo. Ƙasansa kuma, daidai inda hannun yaro ke kaiwa, a lulluɓe da laka ko a kewaye da raga.

Kafin a ɗora tukunya, a gwada. A murɗe takarda a kunna can ciki kusa da gindin bututu don ya ɗumama, sannan a kara tsumma mai hayaƙi a bakin murhu. In hayaƙin ya shige ciki, aiki ya yi. In ya tsaya ko ya yo baya, to ɗayan uku ne: bututu ya yi gajarta, ko ya toshe, ko ɗakin ba mashigar iska. A buɗe ƙofa a sake gwadawa. In ya ja, laifin rashin kafa ne.

Wani zai ce wannan wahala duk a kan me? A ƙasar Guwatamala an taɓa gwadawa a ƙauyukan kan tsaunuka na yankin San Markos. Aka gina wa wasu gidaje murhu mai bututu, wasu suka ci gaba da buɗaɗɗiyar wuta, likitoci suna duba jarirai. Sakamakon da aka buga a 2011 ya nuna nimoniya mai tsanani ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku a gidajen masu bututu.

Shara da toka

Bututun da ba a sharewa gara babu shi, don yana sa a rufe ƙofa da tunanin hayaƙi na fita. A lokacin turara shinkafa, da wuta ke kwana tana ci, a share shi duk mako biyu. Na girkin gida ya samu ko sau ɗaya a wata. In ya huce, a cire hula, a ɗaure ƙullin yashi a tsumma da igiya a zura a ja sama da ƙasa, a kwashe abin da ya zubo. Jiƙaƙƙen itace shi ke tara kwalta, shi ya sa ake shanya icce kafin a ƙona. Bayan damina a leƙa ko tsuntsu ya yi sheƙa, a duba tsatsa ko ta huda. Idan bututu ya kama da wuta, za a ji yana ruri yana ja. A fitar da kowa, a toshe bakin murhu, a zuba wa wutar ƙasa yashi, a nemi agaji.

Buntu yana barin toka da yawa, kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa, kuma wuta takan yini a ƙarƙashinta sama tana fari fes. A kwashe ta a bokitin ƙarfe, a yayyafa ruwa, sai ta huce a kai gona. Yara da yawa sun ƙone ƙafa a tarin tokar da aka zaci ta mutu.

Idan ta bugi mutum

Alamun farko su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya, amai da mutuwar jiki, daga nan sai ruɗewa da suma. Sun yi kama da na zazzaɓin cizon sauro, amma jiki ba ya zafi. Babbar shaida ita ce mutanen ɗaki ɗaya su kamu lokaci ɗaya, kuma wanda ya fita waje ya ji dama-dama. A nan ne ake yawan ɓata lokaci. Wasu su ce iska ce, a tsaya ana tofi. Wasu su ce an sa guba a tuwo, a fara kallon kishiya, alhali kasko na nan a gindin gado ba wanda ya kula shi. Addu'a ba ta hana ɗaukar mutum zuwa asibiti, a haɗa su biyu.

Wanda ya fara isa ya wangale ƙofa da taga, ya kira mutane, ya jawo su waje ba tare da ya daɗe a ciki ba, kada shi ma ya faɗi. Wanda ya suma amma yana numfashi, a kwantar da shi ta gefe don kada amai ya shaƙe shi. Kada a ɗura masa madara ko manja ko ruwa. Ba sa maganin komai, huhu kawai za su bi. Maganin iskar gawayi oksijin ne, kuma asibiti ake samun sa. A kai shi wurin ma'aikatan lafiya mafi kusa, a faɗa musu ƙarara cewa da gawayi ko janareta aka kwana, su tura shi inda ke da oksijin, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri ko Asibitin Ƙwararru na Jiha. Faɗar dalilin na da muhimmanci, domin 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa tana iya nuna jini lafiya lau alhali cike yake da iskar gawayi. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112. Mai ciki a kai ta ko da ta ce ta warware, saboda ɗan cikin ya fi ta jin jiki. Haka jariri da tsoho da mai ciwon zuciya.

Ɗakin mai jego ya cancanci a ja kunne a kansa daban. Al'ada ce a ɗumama shi, a toshe ko'ina don kada sanyi ya kama uwa da ɗa, ga kaskon turare ba ya mutuwa. Niyya mai kyau ce, amma jariri ba ya iya cewa kansa na ciwo. Iya da gwaggo masu kula da jego, a yi turare ƙofa a buɗe, in ƙamshi ya kama a fita da kaskon.

To da me za a ji ɗumi? A shigo da garwashi da magariba ƙofa a buɗe, babba na zaune, a fitar da shi kafin kowa ya kwanta, a bar iska ta ratsa sannan a rufe. Jan bulo da aka gasa a bakin murhu aka naɗe a tsumma mai kauri yana riƙe zafi na sa'o'i, ba ya fitar da komai. A sa wa yara hula da safa, a raba su da kwanciya a kan siminti tsura. Janareta ya zauna a fili, ƙafa 20 daga ƙofa da taga, ba a zaure ko baranda ba, ko da tsoron ɓarawo. Mai hali ya sayi ƙararrawar iskar gawayi mai aiki da batir ya rataye kusa da wurin kwana.

Aikin gida

Mai injin casa ya cashe kilo 500 na shanshera. Kimanin kilo nawa na buntu zai samu, in an ƙone shi kuma kilo nawa na toka zai bari? Ku rubuta lissafin a littafinku.

Ku bayyana da bakinku, yadda za ku gaya wa maƙwabcin da bai zo aji ba, abin da ya sa jan garwashi ya fi ɗanyen itace hatsari a rufaffen ɗaki.

Sannan kowa ya auna kicin ɗin gidansu da igiya ko da ƙafa: tazarar murhu da abu mafi kusa mai cin wuta, da yawan kafofin iska, da inda hayaƙi ke bi ya fita. Ku zana shi a takarda ku zo da shi darasi na gaba. Masu sana'ar ƙira da gini a cikinku su zo da tef ɗin awo, da su za mu fara.